Lambar da ke Ƙarƙashin Mujiya

Kakana Tulugak bai zaɓi dutse ba,
yunwa ce ta yi masa zaɓi.
Shekarar da karnukan jan kayansa suka ƙare,
fatar yanyawa ta faɗi warwas a kanti,
sai ya zauna bayan ɗaki, nan gaɓar Baffin,
iska na yankan kunne,
da ɗan gatari da magagari guda,
yana juya koren dutse a cinya
kamar mai lallashin jinjiri.

Ya ce dutse ba ya ƙarya, sai dai rowa.
Ka zauna da shi kwana uku, bakinka alaikum,
zai nuna maka kafaɗar farin beyar,
ko wuyan dinya,
ko mace da goyo cikin hular riga.
In ka yi gaggawa ya tsage,
ku kwana tukunya a kife.

Hukuma ta rataya masa lamba a wuya,
ɗan faifai bai fi kwabo ba,
wai sunansa ya yi wa bakin magatakarda nauyi.
Ita yake karcewa ƙarƙashin kowane aiki:
bakwai, tara, ɗaya, huɗu.
Sunan kuwa a gida ya bar shi, a bakin Kaka.

Da tarin fuka ya kama shi
jirgin ruwa ya kwashe shi zuwa Kudu.
Shekara biyu da wata biyar kan gadon asibiti.
Nas ta hana ƙura,
sai ya koma sassaƙa sabulun wanka da gindin cokali,
ɗaki guda na marasa lafiya
suna wanka da kifaye da tsuntsaye.
Ya dawo da huhu ɗaya da rabi.
Ɗansa ya ɓuya bayan murhu, bai san baƙon ba.

Ran Juma'a, kantin haɗin gwiwa.
Manaja ya juya mujiya, ya ƙwanƙwasa ta da farce:
dala goma sha biyu.
Shayi, gari, harsasai, man fitila.
Kwana tara na aiki ya shige jaka ɗaya,
bai ma cika ta ba.

Ni Nauyak, da injin gurza nake aiki,
takunkumi a hanci, ƙura ta yi mini furfura
tun ban kai talatin ba.
Bara aka gayyace ni Montreal.
A bene na biyu na gidan tarihi,
bayan gilashi, ƙarƙashin fitila mai sanyi,
na ga mujiya tana harara ta.
Fiffiken hagu ya gaza na dama.
Na san dalili:
daren da aka haifi uwata hannunsa ya goce,
ya ji kukan farko, gatari ya ci fiye da rabonsa.

Takardar gefe ta ce: ba a san mai sassaƙa ba.

Na roƙi mai kula da wurin ta juya ta.
Ta yi jim, ta sa farar safar hannu,
ta ɗaga ta kamar ƙwai.
Bakwai, tara, ɗaya, huɗu.
Na faɗi sunan, muryata ta sarƙe a tsakiya.
Ta ce in maimaita a hankali,
ta rubuta da fensir a bayan tikiti.
Ban sani ba ko sun sauya takardar.

Akwai dutsen da ya bari ƙarƙashin gado,
sara uku kawai ya yi masa.
Uwata ta ce beyar ne.
Ni dai wani lokaci ina ganin mutum a tsugune,
ya juya wa iska baya.
Shekara shida ke nan ina ɗauko shi in ajiye a cinya.
Har yau rowa yake yi mini,
ni ma ban matsa masa ba.